Yara Biyu da Taswira a Hanyar Keita

Tun da muka dawo daga Keita ban huta da tambaya ba. Mutum zai zo tagar gidan waya inda nake aiki, ya sayi tambur, maimakon ya wuce sai ya jingina ya ce, "Abdu, wai da gaske ne an ɗaure ku?" A ƙofar masallaci haka, a wurin masu shayi haka. Wasu har sun ce harbinmu aka yi, wasu sun ce gudu na yi na bar yara a daji. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi abin tun daga tushe, kowa ya ji daga bakin wanda aka yi da shi.

Ga wanda bai sani ba, ni ke riƙe da ƴan sikawut na Madawa. Ba aikin gwamnati ba ne, ba wanda ya sa ni, ni na sa kaina. Ranar Alhamis da Lahadi, in ba lakwal, wato makaranta, nakan tara yaran a bayan filin ƙwallo in koya musu ƙulla igiya, da ɗaure rauni, da kafa tanti, da karanta taswira. Suna ce mini Shef. Yaro yakan shigo yana ɗan koyo, ya hau daraja ta biyu, daga nan sai ta ɗaya, kowace da lambarta da ake ɗinkawa a hannun riga. Ta biyu ni ke bayarwa. Ta ɗaya kuwa sai babbanmu na yankin, wani tsohon soja da ke zaune a Buza, wanda kowa ke kira Baba Sarja.

Bana ina da yara biyu da suka isa neman daraja ta ɗaya. Ɗaya Sule, ɗan wani manomin albasa na cikin gari, yaro mai shiru da hannun zane. Ɗayan Agali, ɗan makiyayan Azarori, mai jin Hausa da Tamajak duka, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Sun ci duk jarrabawar da ke hannuna. Abu ɗaya ya rage musu: doka ta ce su biyu su yi tafiyar ƙafa ta yini da kwana, ba babba tare da su, su zana taswirar hanyar da suka bi, da garuruwanta da rijiyoyinta. Da aka ce za a yi taron ƴan sikawut a bakin tafkin Keita cikin hutun damina, sai na ce ga dama ta samu.

Mun tashi da safe a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, mai kai tabarmi Buza, yara suna zaune bisa kaya suna waƙa. A Azarori muka tsaya ɗaukar Agali. Mahaifiyarsa ta fito da cuku a ƙunshe cikin tsumma, ta ba ni a hannu, ba ta ba ɗanta ba. Ta ce, "In ka ba shi, kahin ku kai Buza ya raba ma mutane." Ta san ɗanta. Ba mu yi nisa ba kamiyo ya kafe a wani kwari mai taɓo. Shofer, wato direban, ya sauko yana zagin aparantinsa, yaron motar, aparanti yana zagin taɓo, mu kuwa muka tuɓe takalma muka shiga turi. Da motar ta fita sai ta watsa mana laka daga kai har ƙafa, kakin da iyaye suka wanke suka goge ya koma kalar tukunya.

Kusa da Buza muka tarar da shinge, itace an gitta bisa gangunan ƙarfe biyu, da gardi, dogaran gwamnati, masu bindiga. Kun dai san irin shekarar da muke ciki. Tun bara ake maganar mutanen da ke shigowa ta kan iyaka da makamai, an kuma gargaɗi masu gari cewa duk baƙon da ba a san shi ba a kama shi. Mu a Madawa muna jin labarin ne, amma ba wanda ke tsoron yarana, kowa ya san ɗan wane ne. A shingen nan na fara ganin yadda muke a idon wanda bai san mu ba: kaki iri ɗaya, sanduna a hannu, jakunkuna a baya. Aka sauke mu duka. Wani gardi ya zazzage jakar Sule, ya ciro busol, ƴar na'urar nan mai kama da agogo da ke nuna arewa. Ya juya ta, ya juya kansa, allurar ta ƙi bin shi.

"Wannan hwa, ta mi ce?"

Na yi masa bayani, na nuna masa takardar izinin da aka ba mu daga ofis. Babbansu ya karanta, ya miƙo mini, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ni na iya karatu, na gane. Mutanen ƙauye ba su karanta takarda. Ka riƙe ɗiyan ga kusa da kai." Maganar nan ta zauna mini a ciki har muka shiga gari.

Buza gari ne bisa dutse. Mu mutanen Madawa mun saba da fadama, ka haƙa kaɗan ka sami ruwa. Can kuwa ko da damina ruwa abin lallaɓawa ne. Matar mai gadin lakwal, inda aka sauke mu cikin wani aji, ta kawo mana ƙwarya ɗaya ta ce ta wanka ce. Na tambaye ta ta wa, ta ce ta kowa. Yarana suka dubi lakar jikinsu suka dubi ƙwaryar, dariya ta ƙwace musu. Amma abinci ba a yi mana rowa ba. Tuwon hatsi da miyar kuka, da kwaɗon zogale mai ƙuli da yawa, har Agali ya ce a bar shi nan. Gonakinsu ma abin kallo ne: mutum ya tsince duwatsu ya jera su layi-layi, ya shuka hatsi a tsakani, abin da a wurinmu ba wanda zai kira gona.

Nan muka haɗu da yaran Babankatami da malaminsu, Mushe Idi (mushe muke ce wa malamin lakwal), saurayi mai fara'a wanda shi ma don Allah yake aikin. Da la'asar muka je gaida Baba Sarja. Dattijo ne dogo, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa tun wani rauni da ya samo a yaƙin Turawa. Shi ya fara kafa sikawut a wannan yanki, da hannunsa ya ɗinka tantin farko. Ina ganin girmansa ƙwarai, har yanzu ma. Ya ce Sule da Agali za su tashi daga Deule su isa Keita da ƙafa, sauran yara su wuce da mota.

Na ce, "Baba, ina da magana. Bana ba kamar kullum ba ce. Ka bari in bi su daga nesa, ba zan ce musu komi ba."

Ya ce, "Doka ta ce ba babba. In kana bayansu, sun san kana nan. Yaron da ya san akwai mai ɗaukar shi bai koyon tashi."

"Doka ba ta san ana kama baƙi ba, Baba."

"Ni ban rubuta ta ba, ban kuwa gyara ta don ɗiyanka. In kana tsoro, su hau mota. Lamba ta jira baɗi."

Baɗi kuwa babu ita, don Agali zai bi garken ubansa arewa, Sule kuma ana maganar kai shi Tawa karatu. Na yi ta jan maganar har aka kira magariba. Abin da na iya samu shi ne wannan: ba zan bi su ba, amma zan riga su wucewa, in bi garuruwan da ke kan hanyar in shaida wa masu gari cewa yara biyu na tafe, masu kaki da jan ƙyalle a wuya, ɗiyan lakwal ne. Baba Sarja ya ce wannan ba ya cikin doka, amma ba ta hana ba.

Washegari mota ta ajiye mu ukun a Deule. Mai garin ya karɓe mu da hura mai nono, ya ba ni aron jaki. Kafin in tafi na zaunar da yaran na maimaita musu abin da suka riga suka sani: kada ku rabu ko da taku goma ne, kada ku shiga ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, in kun shiga gari ku fara da ƙofar mai gari. Suka ce sun ji. Su za su kwana Deule su tashi da asuba.

Jakin nan ya gwada mini hali. In ya ga ciyawa ya tsaya, in na sauka in ja shi ya bi ni kamar ɗan kirki, in na hau ya sake tsayawa. Haka muka yi ta yi, rabi ina bisa rabi ina ƙasa. Duk da haka na bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gari ya ce, "Yara su yi tahiya su kaɗai don a ɗinka musu ƙyalle? Ku ƴan boko ba ku rasa abin yi." Amma ya yi alkawari zai ba su ruwa. Na sauka a gari na ƙarshe, inda aka shirya za su kwana, a zauren wani maƙeri.

Da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsun gabas. A garin da nake ko yayyafin kirki ba a yi ba, sai da hantsi na ji mutane na cewa kwari ya kawo. Wanda bai san ƙasar nan ta Adar ba ba zai gane ba. Wurin da ka bi jiya da jaki, yashi ne busasshe, yau sai ka tarar da ruwa ja yana tafe da itatuwa. Na zauna bakin gari ina duban hanya. Azahar ta yi, ba su ba alamarsu. Na ce wa kaina suna jiran ruwa ya janye ne, haka na koya musu.

Ina nan sai ga wani makiyayi bisa raƙumi, fuskarsa a naɗe da rawani, yana tambayar ina mai kaki. Ya ce a wani gari da ke bisa tudu, yamma da kwarin, an kama yara biyu an ɗaure. Ya je shayar da dabbobi ne, ɗaya daga cikin yaran ya yi masa magana da Tamajak, ya faɗa masa sunan ubansa da inda zai same ni. Garin nan ba ya kan hanyar da na bi. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa sun ji kunyar da ta ishe su.

Ban taɓa hawan raƙumi ba sai ranar. Da ya miƙe da ƙafafun baya na rungume makiyayin nan kamar ɗan goye. Ya ce in saki wuyansa in kama sirdi. Kafin mu kai kwarin ruwa ya ja baya, raƙumi ya ratsa yana gurnani. A hanya mutumin ya ba ni sauran labarin, daga baya yaran suka cika mini. Sun iso bakin kwari sun tarar ya cika, suka ƙi shiga, suka bi gefensa suna neman mashigi, har suka ɓullo garin. Ƙishirwa ta sa suka fara tsayawa a rijiya kafin su nemi ƙofar mai gari. Sule ya fitar da takarda ya fara zana garin, Agali ya ɗora busol a tafin hannu yana tambayar mata rijiya nawa gare su, ina hanyar Keita ta bi. Wata ta ajiye tulu ta ruga. Kafin su ankara maza sun kewaye su.

Na tarar da su a ƙofar mai gari, an zaunar da su cikin rana, an ɗaure hannuwansu ta baya a jikin turken doki. Leɓen Agali ya fashe. Sule bai ɗago kai ba. Jama'a ta cika wurin, da sanduna da gatura, wasu da baka. Ina saukowa, ganin kakin jikina, wani ya sauke mini sanda a kafaɗa. Na ji ta har cikin haƙorana, amma ban juya ba, don na san in na juya an gama. Na wuce kai tsaye na durƙusa gaban mai garin, wani tsoho, na gaishe shi yadda ake gaida uba.

Na ce, "Baba, ɗiyan ga nawa ne. Ɗiyan lakwal ne daga Madawa. Ni na turo su."

Ya ce, "To kai ne babbansu ke nan."

Na miƙa takardar izini. Ya karɓa ya juya ta, ya miƙa wa liman, liman ya ce wannan rubutun Nasara ne, ba nashi ba. Mai garin ya ce, "Ɗana, an tara mu an hwaɗa muna, garin da ya bar baƙo ya wuce, mai garin za a ɗauka. Ga su da kayan soja, suna rubuta garinmu, suna ƙirga rijiyoyinmu. Na aika a kira gardi. In sun zo su za su raba."

Ban ga mugunta a idonsa ba, tsoro na gani. Shi ya sa ban yi gardama ba. Na ce, "Ka yi daidai da ka aika. Amma wanda ya aiko ya hi ɗan aike laihi. Ga ni na kawo kaina. A ɗaure ni, a kwance su, a maida su inuwa. In sun gudu ka yi da ni yadda ka so."

Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wani saurayi ya ce dabara ce. Sai wata tsohuwa, ina jin yayar mai garin ce, ta ratso maza da ƙwaryar ruwa, ta tsuguna gaban Sule ta ɗaga haɓarsa. Ta ce, "Wanga ko gemu bai tsiro ba. Ku ji tsoron Allah." Ta ba shi ruwa da hannunta. Daga nan mai garin ya ce a kwance su. Igiyar kaba ce, ta ci wuyan hannun Sule har ta yi jini, don ya yi ta ja. Ni aka ɗaura a turken. Agali ya buɗe jakarsa ya ciro bandeji, ya wanke hannun ɗan'uwansa ya naɗe shi tsaf, mutane suna kallo. Taswirar kuwa tuni an jefa ta a murhu, wai kada ta yi wa garin asiri.

Gardi biyu suka iso da la'asar bisa dawaki. Sun karanta takardar, amma suka ce tun da an kira su sai sun kai mu ofis. Muka kwana a garin, a zauren mai gari, da safe muka bi bayan dawakinsu da ƙafa har Keita. Haka yarana suka shiga garin da suka yi wata da watanni suna mafarkin shiga, gardi a gaba, yaran gari na bin mu a baya. Labari ya riga mu isa. Baba Sarja na tsaye a ƙofar ofis, ya sa tsohuwar rigarsa ta soja da lambobinta duka. Ya shiga, muka ji muryarsa ta taga, ba a jima ba aka ce mu tafi.

Sansanin yana bakin tafki, ƙarƙashin manyan bagaruwa. Mutanen Keita sun sha bamban da mu wajen karɓar baƙo. Mu hura muke fara miƙawa, su kuwa da yawansu shayi ne, a ɗan ƙaramin kofi, sai an yi zagaye uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Ni da ban saba ba, na sha na ukun zuciyata na bugawa kamar ganga. Sauro kuma nasu ba ya jin hayaƙi. Yaran sauran garuruwa suka kewaye Sule da Agali suna son labari, Agali na bayarwa yana ƙarawa, Sule na zaune gefe.

Da yamma mu shugabanni muka zauna: Baba Sarja, da ni, da Mushe Idi, da wani ma'aikacin likita mai riƙe da yaran Keita. Baba Sarja ya ce abin da ya faru bai ji daɗinsa ba, amma magana ɗaya ce: ba taswira, ba su iso su kaɗai ba, babu lamba.

Na ce, "Ban roƙi a ba su abin da ba su yi ba, Baba. Su ma ba su karɓa. Abu biyu nike so. A bari su sake. Kuma daga yau kada a sake tura yaro daji ba babba a inda zai ji kiransa."

"A soja, in an ce ka tahi kai kaɗai…"

"Waɗanga ba soja ba ne. Ɗiyan mutane ne anka ba mu aro. Dokarmu ta ce kada su shiga ruwa, sun bi ta, ita ta kai su garin da ban gargaɗa ba. Sun bi doka ta kai su ga turke. In haka za a ci gaba, gobe in kwashe yarana mu koma, kuma ba ni sake kawo kowa neman daraja ta ɗaya."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Mushe Idi ya ce shi ma yana da yaro mai neman lambar baɗi, kuma ba zai iya duban uwarsa ya ce ya tura shi haka ba. Ma'aikacin likitan ya tashi ya kira Sule, ya kwance bandejin a gaban Baba Sarja don ya sa magani. Dattijon ya dubi hannun ya daɗe. Sannan ya ce a tashi, lokacin salla ya yi.

Na kwana da shirin tafiya gida. Da safe ina naɗe tabarma sai ga Baba Sarja ya jawo jaki, ya rataya gorar ruwa da sandarsa. Ya ce, "In dai sai an bi su, ni za ni bi su. Kai ka cika tausayi, kana iya nuna musu hanya da ido." Ya ce daga Keita za su tashi su koma Deule, shi yana baya inda zai hango su, ni kuma in riga su wucewa kamar da. Ya ƙara da cewa zai rubuta wa manya na Yamai ya gaya musu haka za a riƙa yi a yankinsa, in sun ga dama su tuɓe shi.

Na ce sai an tambayi yaran. Agali ya ce ko yanzu. Na juya ga Sule na ce masa ba dole, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya ce, "Shef, in za mu koma, mu bi ta garin nan. Ban gama zana shi ba."

Haka aka yi, bayan an tashi daga taro. Mushe Idi ya wuce da sauran yara Buza da mota. Da na isa garin da aka ɗaure su na gaya wa mai gari, ya rufe fuska da hannun riga. Ya ce, "Su dawo nan? Da wane ido za mu dube su?" Da yaran suka iso, wannan karon ƙofarsa suka fara zuwa. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, aka dama hura, aka yanka kaza. Wani saurayi ya zo ya tsuguna ya ce shi ya buge ni, in yafe masa, na ce ya wuce. Sule ya zauna bakin rijiya da sabuwar takarda, mutanen da suka ɗaure shi suna leƙe ta kafaɗarsa, wannan na cewa ka manta rumbuna, wancan na cewa masallaci ya fi haka girma. Can sai ga Baba Sarja ya ɓullo, jakinsa ya gaji ya ƙi tafiya, shi ke jan shi da ƙafarsa mai ciwo. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

A Deule ya karɓi taswirar ya duba ta gari-gari. Ya ce kwarin ya karkace kaɗan. Sannan ya ciro lambobi biyu daga aljihu, da allura da zare, ya ɗinka musu da kansa a ƙofar mai gari.

Mun dawo Madawa lafiya, an ajiye Agali a Azarori. Ban je gidana ba, na wuce da Sule gidansu, don ban so ubansa ya ji daga bakin wani. Uban, Malam Garba, yana gyaran irin albasa a ƙofar gida. Na gaishe shi, na faɗa masa komi, ban rage ba, na sa Sule ya nuna masa hannuwansa. Ya shafa tabon da yatsa. Ya dubi lambar da ke hannun rigar. Ya ce wa ɗansa ya shiga ciki.

Ya ce, "Abdu, na gode da ka hwaɗa mini da bakinka. Amma ɗana ya gama sikawut. Ƙannensa ma ba su shiga."

Na ce yana da gaskiya ya yi fushi. Na ce masa an gyara dokar, saboda abin da ya sami ɗansa ba za a sake tura wani yaro shi kaɗai ba. Ya ce wannan ya yi wa ɗiyan wasu amfani. Bai ce in zauna ba, na yi sallama na tafi.

Maganar ta bazu, wasu iyayen ma suka janye nasu. Na bi su gida-gida, da yawa sun dawo da su da suka ji sabon tsari. Malam Garba kam yana nan kan bakansa. Ni kuma duk Jumma'a in an sauko masallaci sai na bi ta ƙofarsa na gaishe shi. Ba na tada maganar. Sule yakan leƙo daga zaure mu haɗa ido. Makonnin farko a tsaye nake gaisuwa in wuce, Malam Garba na amsawa bai ɗago ba. Jumma'ar da ta wuce, da na yi sallama, ya matsa gefe ya kakkaɓe ƙarshen tabarmarsa.

"Zamna," ya ce. "Wai shi sojan nan, da gurguwar ƙahwa ya bi su har Deule?"

Na cire takalmi na zauna.